Ƙarfe Nawa Aka Haife Ni?

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku,
na taka matakala ɗari da sittin da biyu
zuwa ɗakin Doña Fresia,
kuɗin hayar rabin wata a dunƙule cikin tafina.

Ta ce, "Rana, gari, da sa'ar haihuwa."
Na kira mahaifiyata.
"Ke dai Ximena! Da asuba ne mana.
Jirgin ruwa ya yi kuka, ke ma kika yi."
Fresia ta rubuta biyar da kwata.

Na'ura ta tofo takarda: surar mutum
cike da akwatuna, wasu da launi, wasu fayau.
Ta kafa farce a cibiyar zanen.
"Nan babu wuta.
Akwai masu bankaɗe ƙofa,
akwai waɗanda cikinsu ke amsa kira kafin bakinsu,
wasu sai wata ya zagayo suke yanke magana.
Ke fitilar bakin gaɓa ce.
Ba kya bin jirgi, jirgi ke neman ki.
Bar talla. Jira gayyata."

Ni?
Ni da na shekara tara ina dafa sabulu
da man zaitun da ganyen boldo,
ina bin otal-otal da kwando
har dugadugaina suka dare kamar burodin jiya?

Amma kuɗi na biya, sai na ji magana.
Amaro, abokin cinikina,
wanda tasa takardar ta ce tanderu ne, ba ya huci,
shi ya gaji kwandon da gangaren.
Ni ina shago, in yanka, in naɗe,
ƙarfe biyu in ja ƙofa in miƙe ƙafa.
Rabona da barcin rana tun ina 'yar makaranta.

Mako uku ko ƙuda bai gifta ba.
Mai gidan haya bai karanta takardata ba,
shi dai daga gani mai bankaɗe ƙofa ne.

Sai wata Laraba, ruwa ya koro wata mata,
mai masauki a Cerro Alegre.
Ta shinshina, ta tambaya,
na amsa a tsanake, don na ƙoshi da barci,
ban roƙa ba, ban rage ko sisi ba.
Ta ce, guda ɗari uku duk wata.
Washegari na kai wa Fresia zuma.

Cikin Agusta, mahaifiyata na kakkaɓe tsohon akwati,
ta tsinci abin hannun roba na asibiti,
ɗan mitsitsi, yatsu biyu sun cika shi.
Sha biyu saura ashirin. Na dare.
"Jirgin fa, Mama?"
"Af. Ko na ƙanenki ne?"

Na sake taka ɗari da sittin da biyun.
Sabuwar takarda, cibiya ja wur.
Fresia ta cire tabarau tana gogewa,
ta daɗe tana gogewa.
"Ashe ke ma tanderu ce."

Yanzu takardun biyu na jikin bango,
tsakanin sikeli da kalandar mai sayar da mai,
tururi ya nannaɗe musu gefe.
Amaro ya ce in zaɓi ɗaya.
Na ce bari sabulun ya daskare tukuna.

Abin da na sani,
ko fitila ce ni, ko tanderu,
ƙarfe biyu na bugawa
nake jan ƙofa.