Gindin Dogonyaro, Kwana na Tara

Yau kwana tara ba mu ɗaga ƙyauren kanti ba.
Muna ƙetaren titi, gindin dogonyaro,
ranar Sakkwato tana narka kwalta,
mu kuma muna zagaya kofin ruwa guda.

Shekara ashirin da uku ina bayan kanta.
Tafin hannuna ya san nauyin sukari, ba sai da sikeli ba.
Kowane ƙarshen wata, a takardar albashi,
akwai ɗan layi can ƙasa:
an cire kaza, na fansho.
Ban taɓa jin zafin cirewar ba.
Adashi na ɗauke shi, wata rana kwasa za ta zo kaina.

Sai ga sabon manaja, da sabon allo bisa ƙofa.
Wai kamfanin da munka yi wa aiki ya mutu,
wanga jinjiri ne, bai ci bashin kowa ba.
To amma firjin shi ne, da gurnaninsa na dare,
ko tsintsiyar da Mode ke shara da ita ba a sauya ba.
Wace irin mutuwa ce
wadda gawa ke buɗe kanti ƙarfe takwas?

Luba ta taho daga Mabera da gwangwanin madara,
takardun albashinta ciki, ɗaure da kyauro.
Na farkon sun koɗe, tawada ta gudu.
Tana ɗaga su ga rana ɗaya ɗaya
kamar mai duba ƙwan da zai ƙyanƙyashe.

Mode bai cewa komi.
Gwiwarsa ta tafi wajen dakon buhun shinkafa,
saura wata bakwai ya aje aiki.
Ya riga ya yi cinikin tumaki biyu a zuci.

Jiya sunka kawo yara, aikin yini, biyan yini.
Bayan azahar ɗaya ya ƙetaro, rigar kanti ta yi mai yawa.
Baba, ina ake aje ƙwan lantarki?
Bakina ya buɗe da kansa,
Luba ta take mini ƙafa.

Na dube shi. Bai wuce sa'ar autana ba.

Bayan sabulu, na ce, sama, hannun hagu.
Kuma in sun ba ka takarda, ko wace iri ce,
ka nemi gwangwani.