Tsarabar Namadi

Namadi ya dawo ranar Laraba
da rigar sanyi mai nauyin buhun gero.
Daga Ƙofar Doka ɗan acaɓa ya kawo shi Kusfa.
Shekara biyu yana Ayislan, wai karatun kifi.
Na ce, kifin ma sai an yi masa karatu?
Ya ce, Goggo, bari ki ga tsaraba.

'Yar kwalba ce, ba ta kai ta man shafawa ba.
Ya murɗe murfi.
Uwani ta yar da tsintsiya ta yi zaure,
kyanwa ta haura katanga,
Malam daga ɗaki ya ce, wa ya fasa masai?
Ni ko gezau.
Shekara talatin da ɗaya ina dafa kalwa,
hancina ya ga jiya, ya ga yau.

Wani ƙaton kifin teku ne, in ji shi,
ɗanyensa dafi, ko kare ya ci sai ya yi tangaɗi.
Sai su haƙa rami cikin tsakuwa su binne shi,
su danne da duwatsu, su kama gabansu.
Bayan watanni dafin ya tsiyaye,
su tono, su rataye a rumfa,
iska ta ƙarasa aikin.

Na ce, dakata.
Wanda ya fara tono abin da ya binne ya kai baki,
ba marmari ya aike shi ba.
Na san wadda ta aike shi.
Ta taɓa kwana gidan kakata, shekarar da fara ta cinye gero,
har aka daka ƙwallon goruba.

Ya ce a tsakiyar hunturunsu
rana leƙowa take kamar mai bin bashi, ta juya.
Lokacin suke taruwa, kowa da akushin katako,
ga busasshen kifi ana yaga ana dangwala man shanu,
ga gurasar da ƙasa mai zafi ta gasa a kwana guda,
ba itace, ba hayaƙi.
Akwai na jini, akwai na kwalba, waɗannan ya kau da kai.
Sai kan rago, an babbake, an tsaga biyu,
idon na kallon mai cinsa.

Na tafa hannu. Ashe su ma suna babbaka!
To me ya raba su da mu washegarin Layya,
ban da yaji da tafarnuwa?

Yanzu fa kantunansu cike suke, in ji shi,
ba wanda yunwa ke kora rami.
Amma sau ɗaya a shekara sai sun ci abincin wahala,
suna waƙa, suna yi wa juna ba'a,
don yaro ya ji a harshensa
abin da ya riƙe kakansa har bazara.

Na tsira tsinke na ɗauki ɗan yanki.
Da fari laushi, kamar cuku.
Can sai wuta ta bi ta hanci ta fito ta ido.
Namadi na dariya har da riƙe ciki.
Ban ce da daɗi ba,
ƙarya ba ta kamaci mai furfura ba.
Amma na gane hannun.
Hannun mai rufe abu ne ya jira,
maƙwabta na toshe hanci, shi yana ƙirga kwanaki.

Tsohuwar da ya zauna gidanta ce ta ba shi,
ta ce ya kai wa mafi ƙarfin hali a danginsu.

Da dare na buɗe kwandon da na rufe shekaranjiya,
kalwa ta nuna, tana naso.
Na kirɓa, na dunƙula uku manya,
gobe in shanya a kan rufin kwano.
Duk mai tafiya can, Namadi, ka ba shi ya kai mata.
Ta buɗe a tsakar ɗakinta,
mu ji ko kyanwarta za ta tsaya.