Mai Gyaran Agogo a Ƙofar Guga

Shekara talatin da bakwai ina farke cikin agogo
a gindin dalbejiyar nan ta Ƙofar Guga,
tabarau a ido ɗaya, ɗayan a runtse.
Har yau ban gyara wa kowa lokaci ba.
Ƙarfe kawai nake lallashi.

Malam Sada Gafai, da ya koya mana tarihi
kafin kuɗin jarrabawa ya koro ni gida,
ya ce Rumawan dauri mace suke zana Sa'a,
gashinta duk ya taru a goshi,
ƙeya kuwa tal, kamar bayan ƙwarya.
In ta tunkaro ka, damƙe.
In ta gifta, hannunka zai sulɓe.
Aji ya ɗauki dariya.
Iro ya ce aski aka fara mata,
ta tsere ba ta biya wanzami ba.

Shi ne kuwa ya damƙe ta.
Auduga, sai taki, sai tireloli bakwai a hanyar Jibiya.
Ya aiko direba da agogon zinariya
in ƙara wa maɗaurin tsawo,
wai ya fara matse masa hannu.

Malam ya ce a can, ranar da sarkin yaƙi ya dawo da nasara,
bawa ake tsayarwa a bayansa
yana raɗa masa: kai ma mutum ne.
Bayan Iro 'yan amshin shata suka cika.
Ba wanda ya raɗa masa komai.
Ni ma ninki biyu na caje shi.

Bara, bayan la'asar, ya zo da ƙafa.
Ya ce in rage maɗaurin.
Na cire ƙarfe uku.
Ya daɗe yana kallon masu sayar da rake,
sannan ya ce, ko dai nawa za a saya?

A bakinmu kalma ɗaya ce, sa'a:
wadda ake ƙirgawa da wadda ake roƙo.
Yanzu kowa a waya yake duba tasa.
Aljihun tebur ɗina cike da agogunan da ba a dawo karɓa ba,
kowanne ya tsaya inda ya gaji.

Na Iro kaɗai nake wanawa da safe.
Yana lattin minti huɗu.
Na san ciwon, ina da maganin.
Na bar masa su.