Kwanakin Jira

Ran Talata da hantsi na yi feshi,
tanki a gadon bayana, ƙyalle a hancina,
don tsutsa ta shige wa yalona
ta ƙofar da ido ba ya gani.
A jikin kwalba an rubuta: kwana bakwai kafin a tsinka.
Karatuna bai yi nisa ba,
amma bakwai dai na san ta.

Shahanara, malamar gona ta yankinmu na Jessore,
ta taɓa zana mini da tsinke a kan laka.
Ta ce guba ma tana mutuwa,
sai dai ba ta gaggawa.
Rana ta ci rabonta,
raɓa ta lashi nata,
ruwan sama ya wanke abin da zai wanku,
wanda ya ɗiga ƙasa kuwa
akwai ƙananan halittu masu ɓarzarsa a ɓoye.
Irin taka, in ji ta, kwana uku saura rabi,
wasu ukun, rabin rabi.
Haka take tafiya,
kamar bashin da ake biya da ƙwabbai.

Alhamis sai ga Kalimuddin dillali,
motarsa na huci a bakin kwalbati.
"Mofizul, ruwa ya cinye gonakin arewa,
yalo ya zama zinariya a Dhaka.
Yau ne, ba gobe ba."
Na dubi gonar. Kowane ɗa yana sheƙi,
baƙi wuluk, ba tabo, ba huda.
Wa zai kalli wannan ya ce da saura?

Rokeya na tsaye a ƙofa, ba ta ce uffan ba.
Kwanon rufinmu ne ke magana, ɗis, ɗis, cikin tukunya,
ga kuɗin taki ban biya ba.

Ina da kunya biyu a bayan gida, gindin ayaba,
waɗanda feshi bai taɓa sauka a kansu ba.
Daga nan muke ci.
Kowa a ƙauyen nan yana da irinsu,
kuma ba mai tambayar wani dalili.
Kunya ta uku a ƙirjina take.

Daren jiya Shiuli ta kira
daga ɗakin hayarta kusa da masaƙa,
ga cikin wata shida, ga gajiyar keken ɗinki.
"Abba, na sayi yalo a bakin titi,
na gasa, na kirɓa da albasa da barkono.
Sai na ji kamar naka ne."

Kamar nawa ne.

Na ce wa Kalimuddin ya dawo Talata.
Ya yi dariya, ya tofar da jan yawu,
ya gangara gonar gaba.
Kafin azahar motar ta cika maƙil,
ba da nawa ba, amma ta cika,
ta kama hanyar garin da 'yata take.

Da dare na ce mata, ki jiƙa da ruwan gishiri,
ki wanke, ki sake wankewa, ki fere bawon.
Yana ragewa, ban ce yana ƙarewa ba.

Talata na tsinka.
Farashi ya faɗi warwas, wasu sun yi ƙwari sun tsufa.
Rokeya ta ƙirga kuɗin sau biyu,
ta matsar da tukunya inda sabon yoyo ya ɓullo,
sannan ta zuba mini shinkafa,
ta ƙara mini ludayi guda.