Uku a Bakin Titin Bauchi

Ran Talata muka bar Dadin Kowa da duku-duku,
ni da Jungudo bakanike,
da gumin mutum sha tara a littafin aljihuna:
shinkafar rani biyu, man gyaɗar Inna Dudu,
da shanun huɗar Bappah Manga
da ya sayar yana kallon ƙasa.

A Gombe taraktocin na tsaye a fili, su uku.
Jar nan sabuwa dal, ko ledar kujera ba a ɓare ba.
Doki hamsin ke cikinta, in ji dillali,
miliyan talatin da biyu, garma daban.
Na ce, dawakin da sirdinsu suka zo?
Ya yi dariyar wanda ya gaji da jin wannan.

Shuɗiyar ƙarama ce, doki talatin da biyar,
ƙafa huɗu duk suna ja,
gas kuwa kurɓa take, kamar shayi mai zafi.
Ashirin da huɗu, in yau ne a sauke ɗaya.
Ban ɓoye ba, raina ya biya.
Jungudo ya durƙusa ya leƙa cikinta,
ya ce, ran da bel ya tsinke, an riga an sako ruwa,
wa ke da shi a garin nan?
Dillali ya latsa waya. Legas, in ji shi. Mako uku.
Mako uku!
Laka ba ta jiran Legas.

Ta ukun ko wanka ba a yi mata ba.
Ta hannu ce, ta noma ƙasar wasu kafin ta ga tamu,
fenti ya koɗe, fitila ɗaya ta makance.
Sha biyar.
Na ce araha ba ta ado.
Jungudo bai tanka ba, ya ce a tayar.
Ya kafa ƙarfe a jikin injin, ya ɗora kunne a ƙarshensa,
ya lumshe ido ya daɗe.
Hayaƙi ya fito baƙi, can ya washe.
Wannan na san bakinta, in ji shi,
kakarta na gyara a Deba tun ban da gemu,
kuma duk ƙusar da ta faɗi, akwai ta a kasuwa.

Aka ja, aka saki, har la'asar.
Sha huɗu da rabi, da haro a kai.
Na sa hannu, alƙalami na rawa.

A hanya shuɗiyar nake tunani,
har muka wuce gada ban yi magana ba.

Da muka isa, Bappah Manga ne ya fara tasowa.
Bai tambayi doki nawa ba.
Ya shafa ta daidai inda tozo zai kasance,
ya kira ta Ɗanbaƙi,
sunan wanda yake ɗaurewa a dama.