Sifana Mai Lamba Goma

Asabar ce a Sheffield. Ruwa ya ɗauke,
ba gajiya ya yi ba, ya je ya dawo ne.
Na shimfiɗa kwalin firji a kan kwalta,
na kwanta rigingine ƙarƙashin tsohuwa.
Shekararta talatin da ɗaya:
ta girmi aurena,
ta girmi takardun zamana a ƙasar nan.

Cikinta nake dubawa.
Gishirin da a gida miya ake wa tanadinsa,
nan da babbar mota ake watsa shi a titi
don kada ƙanƙara ta kwashe ƙafar mutane.
Mutane sun tsira, ƙarfe ke biyan bashin.
Ga tsatsa nan ta kama gefen salansa
kamar gara ta samu azara.

Na kwance noti, baƙin mai ya sauko tasa
da ɗuminsa, ya bi ta hannun rigata har gwiwar hannu.
Mil dubu uku, ba na ƙara mata taku ɗaya.
Trevor, maƙwabcina, ya ce ɓarna ce,
man zamani yana kai ninkin haka.
Shi da tasa motar ke zaune kan bulo huɗu
tun kafin a haifi Ramlatu,
kullum saura kafireto,
kullum saura wata guda.

Amma a ba shi abinsa, tsohon yana da kunne.
Daga bayan shinge, da kofin shayi a hannu,
ya ce, fanbel ɗinka ya saki.
Na ce ƙalau yake.
Na taɓa da yatsa. Ya saki.

Lantana ta leƙo ta taga:
shinkafa ta huce sau biyu,
kuma kuɗin fulogin nan da labule aka saya
da yanzu falo ya yi kyan gani.
Na ce minti biyar.
Ta san minti biyar ɗina, ta rufe taga.

Litinin ne gwajin shekara.
Wani yaro zai ɗaga ta sama, ya haska mata tocila,
ya ƙwanƙwasa haƙarƙarinta da ƙaramar guduma,
ni kuwa ina kan benci ina jan carbi a aljihu
kamar mai jira a ƙofar ɗakin haihuwa.

Saura in ɗaure kan batir,
na miƙa hannu, babu lamba goma.
Ga takwas, ga sha biyu, ga sha uku da ba a nemanta.
Ta uku ke nan bana.
Na laluba bayan lagireto, na zazzage tsumma,
na leƙa kwata, na zargi Bogdan da ke ƙarshen layi,
Allah ya yafe mini.
Trevor ya ce akwai wani rami a ƙarƙashin garin nan
inda duk lamba goman duniya ke taruwa
suna yi mana dariya.

Sai na ji ƙis, ƙis, daga lungun shara.
Ramlatu ce, ta kife kekenta ƙafa a sama,
giris a goshi, giris a gefen ɗankwali,
ta ciji harshe ta gefen hagu,
yadda Lantana ta ce ina yi.
Birki take ɗaurewa.
Ta ja, ta saki, ta kara kunne,
ta ƙara rabin zagaye.
Ban koya mata ba.
Tocila kawai take riƙe mini tun tana shekara shida,
ina faɗa, haska nan, ba fuskata ba.

Na koma da baya a hankali,
na je shinge na ari ta Trevor.
Ya miƙo, bai saki da wuri ba.
Ya ce, in ka je kanti, sayo biyu.

Ruwa ya dawo.
Na rufe bonet da tafin hannu,
na murza makulli.
Ta yi tari ɗaya, ta kama.