Zuma Ta Sauko Ƙasa

A dajin Kafa, inda gahawa ke tsirowa ba mai shuka ta,
babana Gebito ya rataye amya arba'in
can ƙololuwar itace, inda sai biri da hazo.
Da duhu yake hawa, igiya a ƙugu, bakin wuta a haƙora,
mu muna ƙasa, wuya ya ƙage da kallon sama.
Abin da yake saukowa da shi,
saƙa da 'ya'ya da toka da gawar ƙudaje a cakuɗe,
masu dafa teji a Bonga su saya yadda suka ga dama.

Shekarar da reshe ya ci amanarsa
ba mu ji ihu ba, ƙarar faɗuwa muka ji.
Ƙugu ya tafi. Amya arba'in suka zama rabon sama,
mu na ƙasa muka koma cin koco gayansa.
Ni mace ce, ba a koya mini hawa ba.

Sai ga Atnafu malamin gona, kan babur mai tari,
da rawayan akwati ɗaure a baya.
Ya ce, "Meselech, wannan iyakar tsawonsa ƙugunki."
Babana ya tofar da yawu:
"Ƙudan daji a akwati? Laifin me suka yi?"

Na koyi zare allo kamar ɗaga jariri mai barci,
hayaƙi kaɗan, na sallama, ba na yaƙi ba.
Na koyi gane sarauniya, doguwa, ba ta gaggawa,
da raba ɗakin reno da rumbun zuma,
da bar musu rabonsu in ruwa ya ɗaure mako uku.
Na sayi littafi ɗan bir ashirin, na fara rubuta kwanaki,
ranar da fure ya buɗe, ranar da na leƙa, abin da na gani.

Duk da haka suka gudu.
Dare ɗaya kwarkwasa ta hau ƙafar teburi,
da safe akwati wayam, sai ƙamshi.
Na zauna a jiƙaƙƙiyar ciyawa na yi kuka har na gode Allah.
Babana bai ce uffan ba,
gara ma da ya yi magana.
Na rubuta: toka a gindi, gwangwanin baƙin mai a kowace ƙafa.

Shekara ta kewayo, akwati uku.
Wata yamma ya ce a kai masa kujera,
ya jingine sanda, ya kara kunne jikin na tsakiya.
Ya daɗe.
"Waɗannan marayu ne," in ji shi. "Ji kukansu."
Na buɗe. Allo bayan allo, ko ƙwai ɗaya babu.
Littafina zai gane, amma sai bayan kwana goma.
Na aro allo mai sabon ƙwai daga maƙwabta na saka musu,
yadda Atnafu ya nuna,
suka gina ɗaki mai siffar gyaɗa, suka reni uwarsu da kansu.
Tun ranar, shi ke ji, ni ke rubutawa.

Yanzu goma sha ɗaya ne a bayan gida.
Ranar tata, mu mata tara kan injin ƙungiya,
kowace da juyinta, hannu ya yi tsami ana dariya,
zuma ta fito garau, kana hango yatsa ta bayan kwalba,
saƙa ta koma gida ba a fasa ta ba.
Ashe kaki ma kuɗi ne.
Kwano ya hau rufi, ƙanena Tamiru ya koma aji.
Gahawar da ke kusa da akwatunan kamar ta fi 'ya'ya,
ko idona ne, oho. Na dai rubuta.

Amyoyin sama suna can, suna ruɓewa a natse,
iska na sauko da su ɗai-ɗai.
Jiya ɗaya ta faɗo.
Babana ya shafa ɓawonta, ya shinshina cikinta,
sannan ya miƙo mini gatari.
Ya ce in faskara ƙanana,
tsohon itace ya fi sanyin hayaƙi.